Wankin Kafet: Tsafta Muke Saye Ko Kumfa Da Turare?

Duk wanda ya bi ta gefen wuraren wankin mota a Kano ko Kaduna ko Zariya ana saura kwana uku Sallah, zai ga abin da nake son yin magana a kansa a yau. Ga kafet-kafet nan an shimfiɗa su a kan siminti, an baɗe su da garin omo, matasa biyu ko uku sun duƙufa a kai da buroshi, wani kuma yana bin su da tiyo. Can gefe ga waɗanda aka gama, an rataye su a kan katanga suna ɗigar ruwa, motoci na wucewa suna tayar masu da ƙura. Baya ga waɗannan, a 'yan shekarun nan an samu wasu da suka ɗaga sana'ar zuwa wani matsayi, suna da rijista da ofis da riguna iri ɗaya, kuma suna zuwa har gida da injinansu. Sana'a ce ta halal wadda ke ciyar da gidaje masu yawa, kuma ba ni da niyyar zuba wa kowa ƙasa a tuwonsa. Abin da ya dame ni shi ne, mu masu biyan kuɗin, da yawanmu ba mu san abin da muke saye ba, don haka ba mu san abin da ya kamata mu nema ba, ballantana mu gane ranar da aka cuce mu.

Laifin ya samo asali ne daga yadda kafet ɗin kansa ya shigo mana. Iyayenmu da kakanninmu sun rayu a kan daɓe da tabarma da buzu. Tsaftar waɗannan ba ta buƙatar wani ilimi: a share daɓe, a fitar da tabarma a kakkaɓe, a shanya a rana, shi ke nan. Sai zamani ya juya, ledar ɗaki ta zo, kafet ya biyo baya, har ta kai yau da wuya a yi wa amarya jere babu shi, ko da kuwa sai uba ya ci bashi. Mun karɓi kayan, amma ba mu karɓi ilimin kula da su ba. Muna tsammanin abin da ke wanke shadda shi ke wanke kafet, wato sabulu mai yawa da ƙarfin damtse. A kan wannan zato ne sana'ar gaba ɗaya ta ginu a wurinmu, kuma zaton kuskure ne.

Ni ma sai da na sha kafin na gane. Wata shekara da damina ta yi nisa, uwargida ta matsa a wanke kafet ɗin falo saboda za a yi taron suna. Na kira wasu masu wannan aiki, waɗanda ba zan ambaci sunansu ba, suka zo da inji mai ƙara da jarkoki kala-kala. Cikin awa ɗaya da rabi suka gama, falo ya ɗauki ƙamshi, kafet ya yi fes, na biya har da ɗan tukuici. Kwana biyu bayan haka, wani wari mai kama da na tsumman da aka manta a cikin bokiti ya fara tashi, ba turaren wutar da ba a kunna ba amma a banza. Ba a yi wata ɗaya ba, hanyar da ake bi daga ƙofa zuwa kujera ta yi baƙi fiye da yadda take kafin wankin. Da na kira su, amsar da na samu ita ce yarana ne ba su da tsafta. Ƙarshenta dai kafet ɗin nan naɗe shi aka yi aka fitar, da muka ɗaga shi kuwa sai ga bayansa ya yi ɗigo-ɗigon fumfuna.

Abin da na koya daga wannan asara, da kuma ɗan binciken da ta sa na yi, shi ne ana auna mai wankin kafet ne da abin da ya fitar daga cikin kafet ɗin. Abubuwa uku ne: ƙurar da ya tarar, sabulun da ya zuba, da ruwan da ya zuba. Wanda ya fitar da ukun nan ya yi aiki. Wanda ya bar ko ɗaya daga cikinsu ya ƙara maka matsala ne, komai kyan da ido ya gani a ranar farko.

Mu fara da ƙura, domin ita ce mafi yawan dattin da ke cikin kowane kafet, kuma mu a wannan yanki Allah Ya hore mana ita. Iskar hunturu da ke kaɗawa daga wajen watan Nuwamba zuwa Maris tana ɗauko ƙura daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe, kuma masana ke lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Wannan ƙura tana shiga ta kowace kafa, ta haɗu da yashin da ƙafafu ke shigowa da shi, su nutse can ƙasan zaren kafet inda tsintsiya ba ta kaiwa. Yashi yana da kaifi. Duk takun da aka yi, yana goge zaren kamar yadda ake goge katako da samfefa, shi ya sa wurin da aka fi takawa ke dusashewa ya daina sheƙi. To, mai karatu, me ke faruwa idan aka kwara ruwa a kan busasshiyar ƙasa? Taɓo. Duk mai wankin da ya jiƙa kafet kafin ya zuƙe ƙurar da ke ciki da inji, ko ya kife shi ya bubbuge shi sosai, kwaɓa ya yi, kuma yawancin wannan kwaɓin a gindin zaren zai bushe ya zauna.

Abin sha'awa shi ne ita kanta sana'ar da zuƙar ƙura ta soma. A shekarar 1901 wani injiniya Bature mai suna Hubert Cecil Booth ya ƙera wani ƙaton injin zuƙar ƙura a Landan, wanda saboda girmansa doki ke jan sa. Ba a iya shiga da shi gida, sai dai a tsayar da shi a bakin titi a zura dogayen tiyo ta taga. Masu hali su ke hayarsa, kuma da shi aka tsaftace kafet ɗin majami'ar Westminster lokacin naɗin Sarki Edward na Bakwai a 1902. Wato tun fiye da shekara 120 da suka wuce aka gane cewa matakin farko shi ne fitar da busasshen datti. Mu kuwa har yau akwai wanda zai zo gidanka da sunan ƙwararre, ya buɗe jarka kafin ya kunna injin zuƙa.

Kafin ma a kai ga inji, abu na farko da ya kamata ka gani daga ƙwararre shi ne dubawa da tambaya. Ya zagaya, ya durƙusa, ya taɓa, ya ɗaga gefe ya ga bayan kafet ɗin, ya tambaye ka mene ne ya zube a nan, kuma me aka riga aka shafa masa. Dalili kuwa shi ne kafet ba iri ɗaya ba ne. Mafi yawan waɗanda ke kasuwanninmu, na ƙasar Sin da na Turkiyya da makamantansu, zaren roba ne da inji ya saƙa, ko dai nailan, ko foliyesta, ko kuma wanda ake kira folifurofilin. Wannan na ƙarshe ba ya shan ruwa sosai kuma launinsa ba ya saurin zuba, amma yana son maiƙo, shi ya sa manja ko man girki ke kama shi da wuyar saki, kuma ba ya jure zafi ko kaɗan. Nailan ya fi ƙarko, sai dai abin sha mai launi kan rine shi. Sannan akwai na ulu, wato gashin tumaki, irin dardumomin Farisa da alhazai da 'yan kasuwa kan shigo da su. Ulu kamar gashin kan mutum yake: sabulu mai kaifi yana busar da shi ya sa launinsa ya zuba, ruwan bilic irin su Hypo da Jik kuwa cinye shi yake yi ɗungurungum. Masu sana'ar na da hanya mai sauƙi ta ganewa. Sukan ciro ɗan zare daga gefe su kusantar da shi ga wuta; ulu yakan yi warin ƙonannen gashi ya bar toka mai murmushewa, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Haka kuma sukan ɗiga maganin da za su yi amfani da shi a wani lungu da ba a gani, su danna farin ƙyalle, su ga ko launi zai biyo. Aikin minti biyar ne. Wanda bai yi shi ba, da dukiyarka yake gwaji.

Bayan kafet ma abin dubawa ne. Wasu an yi masu baya da zare irin na buhun algarara, wanda idan ya sha ruwa da yawa yakan tsuke, ya kuma fitar da wani launin ƙasa-ƙasa da ke hawowa sama ya ɓata fuskar kafet mai haske. Wasu kuma gam ne ya riƙe zaren da bayan, idan ya daɗe a jiƙe sai ya saki, kafet ya fara kumbura yana tattarewa.

Hanyoyin wankin kansu ba su da yawa, kuma yana da kyau mutum ya san wadda ake sayar masa. Wadda ta fi kaiwa ƙasan zare, kuma yawancin kamfanonin da ke ƙera kafet suka fi ba da shawarar a bi, ita ce a fesa magani a bar shi ya jiƙa datti na 'yan mintoci, a ɗan goga, sannan a bi da inji mai fesa ruwan zafi yana zuƙe shi nan take zuwa cikin wata tanki. Masu talla kan kira wannan wankin tururi, alhali ruwan zafi ne ke aikin. Akwai ta kumfa da buroshi mai juyawa, tsohuwar hanya ce, kuma aibinta shi ne barin sabulu. Akwai ta faifan ƙyalle da inji ke murzawa a saman kafet, wadda otal-otal ke so saboda tana saurin bushewa, amma fuska kawai take sharewa. Akwai kuma hanyoyin da ba sa buƙatar ruwa sosai, inda ake baɗa wani gari mai ɗan danshi ko wani magani da ke bushewa ya kama datti, daga baya a zuƙe. Kowace da wurin da ta dace. Abin da bai dace ba shi ne a yi maka sharar fuska a karɓi kuɗin wankin ciki. Idan an ce da injin zuƙa aka yi, ka nemi a nuna maka ruwan da ya taru a tanki. Ruwan nan shi ne shaidar aikin.

Sai batun sabulu, wanda a ganina nan ne aka fi yaudararmu, kuma mu muke taimakawa. Mutumenmu idan bai ga kumfa ta tashi ba, gani yake ba a yi wanki ba. Masu aikin sun san haka, sai su zuba har ya yi yawa. Amma aikin sabulu shi ne kama maiƙo da datti, kuma ba ya daina wannan aiki don ya bushe. Tufafi ana ɗauraye su sau biyu sau uku a matse. Kafet ba ya matsuwa. Duk sabulun da ya rage a jikin zare zai ci gaba da kama ƙurar tafin ƙafa da ta iska, shi ya sa za ka ji mutane na cewa kafet in an fara wanke shi ya fi saurin datti. Gaskiya suka gani, amma ba su gano dalilin ba. Wannan shi ne abin da ya faru da hanyar falona. Gwajinsa kuwa babu wuya: bayan ya bushe, ka shafa tafin hannunka, idan ka ji danƙo ko zaren ya yi ƙarau kamar an sa masa sitati, to akwai saura. Ko ka ɗiga ruwa kaɗan ka murza da yatsa, idan kumfa ta taso, ba a ɗauraye ba. Shi kuwa ƙamshi, ni dai yanzu tsoronsa nake yi. Kafet mai tsafta ba shi da wari kuma ba shi da ƙamshi. Ban hana a fesa turare ba, amma a bari sai mai gida ya shinshina aikin tukuna.

Na uku shi ne bushewa, kuma shi ne ya fi haɗari domin ya shafi lafiya. Kafet ɗin da aka wanke da inji mai ƙarfin zuƙa, idan ka taɓa shi bayan an gama, ɗan danshi kawai za ka ji, kuma ya kamata ya bushe cikin awa 6 zuwa 12, in ya daɗe ƙwarai kwana ɗaya. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana gargaɗin cewa duk abin da ya jiƙe a cikin gida a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48, domin bayan haka fumfuna kan fara tsirowa. Yanzu a kwatanta wannan da halin da muke ciki. A watan Agusta, sama a lulluɓe, iska cike da laima, ba wutar da za ta juya fanka, tagogi a rufe saboda sauro, an kuma kwara wa kafet ɗin da ke manne da siminti bokiti goma na ruwa. Sama zai bushe ya yaudare ka, ƙasa kuwa zai yi mako yana jiƙe. A kan wannan kafet jariri zai yi rarrafe, a kansa tsohuwa mai asma za ta kwanta. Don haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga mai wanki ita ce: yaya za ka busar da shi? Idan amsarsa ita ce Allah Zai kawo rana, to a ɗaga aikin zuwa lokacin da ranar take. Ƙwararre na gaskiya yana zuwa da fankokin busarwa da janaretonsa, ko kuma ya gaya maka gaskiya cewa yau ba ranar wanki ba ce. Mu ma sai mu daina ɗaure wankin kafet da Sallah. Sallah tana zagayawa, kowace shekara tana matsowa da kamar kwana 11, wani lokaci ta faɗo a tsakiyar damina. Lokacin da ya fi dacewa a ƙasarmu shi ne ƙarshen hunturu zuwa bazara, an gama shan ƙura, iska a bushe, kafet na bushewa cikin 'yan awoyi. Wanda za a shanya a waje kuma, a kife shi, domin rana mai zafi tana cin launi.

Akwai kuma abin da bai kamata a yi tsammani ba, kuma a nan ne ake gane mai gaskiya. Ba kowane tabo ke fita ba. Lalle rini ne, an yi shi ne don ya kama. Haka baƙin rinin gashi, haka kurkum, haka wani lokaci zoɓo idan ya kwana a kan zare mai haske. Wurin da garwashin kaskon turare ya faɗa, ko aka ajiye dutsen guga, ba tabo ba ne, zaren ne ya narke, sai dai a yanke a yi faci. Inda bilic ya ɗiga, launin ne ya tafi, babu abin da za a wanke. Hanyar da yashi ya goge za ta yi tsafta amma ba za ta dawo da sheƙinta ba. Sannan akwai tabon da ke ɓacewa ranar wanki ya dawo bayan kwana biyu, saboda abin da ya zube ya riga ya kai can ƙasa, yayin da kafet ke bushewa sai danshi ya jawo shi sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Wannan yana da magani, kuma mai aikin kirki yakan dawo ya gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba. Duk wanda ya tsaya a falonka ya rantse cewa zai mayar da kafet ɗin shekara goma sabo fil, ka riƙe aljihunka.

Haka nan a yi hattara da alƙawuran lafiya. Gaskiya ne a cikin ƙurar gida akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, dangin kaska, masu cin ɓawon fatar da ke zuba daga jikin mutum, kuma kashinsu na daga cikin abubuwan da ke tayar da asma da atishawa. Masana a ƙasar Holand ne suka tabbatar da wannan alaƙa a shekarun 1960. Suna son danshi, kuma zafin da ya kai maki 60 a ma'aunin Salshiyos yana kashe su. Amma daga nan zuwa cewa wankin kafet maganin asma ne akwai tazara. A 2008 cibiyar Cochrane mai tace binciken likitanci ta tattara gwaje-gwaje fiye da 50 a kan hanyoyin yaƙi da waɗannan halittu a gidaje, ba ta kuma samu hujjar cewa sun rage wa masu asma ciwonsu ba. Wanki yana rage ƙura, wannan alheri ne, amma kada wani ya ajiye maganin ɗansa saboda takardar talla. Kuɗin cizo ma wankin kafet ba ya kawar da shi, domin a gado da kujeru da tsagar bango yake ɓuya. Abin da ya wajaba ka tambaya ta fuskar lafiya shi ne sunan abin da ke cikin jarka. Da yawa haɗin gida ne marar takarda, kuma haɗa bilic da sinadarin amoniya, ko da ruwan wanke masai mai asid, yana fitar da iska mai guba. A fitar da yara da masu ciwon ƙirji daga ɗakin har sai ya bushe.

Wani ɓangare da littattafan Turawa ba za su gaya mana ba shi ne na tsarki. A gidajenmu da yawa a kan kafet ake sallah, kuma a kansa yara ke fitsari. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ana gusar da hukuncin najasa ne da ruwa tsantsa wanda wani abu bai canja launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ba. Ruwan da aka dama da omo da turare yana iya gusar da datti, amma bai cika wannan sharaɗi ba. Ke nan ɗauraya da ruwa zalla, wadda ƙwararru ke nema don kare zare, ita ce kuma fiƙihu ke nema don sallah. Mai gida ya nuna wa masu aiki wurin da najasa take tun kafin su fara, don kada buroshi ya yaɗa ta ko'ina. Wannan ya fi shafar kwamitocin masallatai. Mutum ɗari biyar na ɗora goshi da hanci a kan shimfiɗa ɗaya sau biyar a rana, da yawa sun shigo da ƙafa a jiƙe daga wurin alwala, amma sai ka tarar an tara kuɗin sayen kafet ba a ware ko sisi don kula da shi ba. A Makka, hukumar da ke kula da Masallacin Harami tana da wurin wankin dardumomi na musamman a unguwar Kudai, inda ake fara kakkaɓe ƙura da inji, a wanke, a busar, sannan a mayar. Ba a ce masallacin unguwa ya yi irin wannan ba, amma injin zuƙar ƙura guda ɗaya da matashi ɗaya mai ɗan alawus bai fi ƙarfin kowace jama'a ba.

Game da ciniki kuwa, Hausawa sun riga sun ce araha ba ta ado. A yi magana a ƙare kafin a jiƙa komai. Da awo za a biya ko da ɗaki? Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi ya ɗan haura murabba'in mita 13, kowa na iya aunawa da kansa. Cire tabo yana cikin kuɗin ko daban ne? Wa zai ɗaga kujeru, wa zai mayar? Ruwan wa da man janareton wa za a ƙona? Idan launi ya zuba ko kafet ya tsuke, wa zai ɗauki asara? Akwai dabarar da ta daɗe a wannan sana'a har a ƙasashen Turai da Amurka, ta a faɗi farashi mai rahusa a waya, in an shigo gida an baje kaya sai a fara lissafo ƙari. Maganinta rubutu, ko da saƙon waya ne. Idan za a tafi da kafet ɗin, a ɗauki hotonsa gaba da baya, a karɓi rasit mai ranar dawowa. Kada kuma a manta cewa baƙin maza ne za su shiga har cikin ɗakunan iyali. Kamfanin da ba zai iya gaya maka su wa zai turo ba, bai cancanci a buɗe masa ƙofa ba, kuma mai gida ko wani babba ya kasance yana nan.

Adalci kuma shi ne a faɗi namu laifin. Mukan bar kafet shekara huɗu ko biyar ba a taɓa zuƙe shi ba, sannan mu nemi a yi mu'ujiza da kuɗin da bai kai na cefanen rana ɗaya ba. Idan abu ya zube mukan dirje shi da ƙarfi har ya nutse, maimakon a danna ƙyalle mai tsafta ya tsotse tun yana ɗanye. Mukan taya aikin da ƙasa da abin da zai sayi magani mai kyau, sannan mu yi mamaki da aka zo mana da omo. Yaron da ke wurin wankin mota ba mugu ba ne, abin da ya tarar ana yi shi yake yi, kuma ga ƙaramin kafet na roba da za a iya ɗagawa a rataye, wankinsa kan yi daidai muddin ya bubbuge ƙura da farko, ya rage sabulu, ya ɗauraye har ruwa ya fita garau, ya kuma shanya nesa da titi. Cibiyar masu ƙera kafet ta Amurka, wadda ke garin Dalton a jihar Jojiya, tana ba da shawarar a yi babban wanki duk wata 12 zuwa 18. Da irin ƙurarmu da yawan iyalinmu, sau ɗaya a shekara bai yi yawa ba, tare da zuƙar ƙura ko kakkaɓa kowane mako. Al'adarmu ta cire takalmi a ƙofa kuwa, kada wayewa ta raba mu da ita, domin ta fi kowane inji tsare kafet.

A can Amurka, tun 1972 masu wannan sana'a suka kafa hukumar da ke ba su takardar shaida, wadda a yau ake kira IICRC, kuma tana da rubutaccen ƙa'idar yadda ake wankin kafet. Mu a nan ba sai mun jira gwamnati ba. Masu wankin da ke Kano ko Kaduna suna iya haɗuwa su tsara 'yan ƙa'idoji da Hausa a takarda ɗaya, su koya wa yaransu bambancin ulu da roba, su amince cewa wanda ya ɓata kayan mutane zai biya. Wanda ya fara yin haka shi zai kwashe kasuwa, domin matan gida suna ba juna labari. Wanda kuma aka ɓata wa dukiya aka ƙi saurarensa, ya sani dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta shafi aikin da aka biya kamar yadda ta shafi kayan da aka saya.

Kafet ɗin da na saya bayan wancan, a watan Maris nake ba da shi wanki. Nakan tsaya a wurin har a gama, kuma ba na biyan cikon kuɗin sai washegari, bayan na ɗaga gefensa na sa hannu a ƙasa na ji ya bushe.